DARASI A KAN KAYAN ZAMANI: ROBA DA LEDA

A kan ji dattawa suna cewa zamani ya lalace, a kan ji samari kuma suna cewa ba a taɓa jin daɗin duniya kamar yanzu ba. In aka bar gardamar a nan, ba za ta ƙare ba, gama kowa yana da gaskiya ta wani gefe. Domin haka a cikin darasin wannan wata za mu ɗauki abu ɗaya daga cikin kayan zamani, mu juya shi gaba da baya, mu ga abin da ya kawo mana da abin da ya karɓe daga hannunmu. Abin nan kuwa shi ne roba, tare da 'yarta leda. Mun zaɓe ta domin babu gidan da ba ta shiga ba, ko a birni ko a ƙauye. Wanda ya iya auna roba daidai zai iya auna waya da babur da takin zamani da wannan ma'auni.

1. YADDA A KE ZAMA KAFIN ZUWAN ROBA

Iyayenmu da kakanninmu ba su rasa mazubi ba. Mace ta kan ɗebo ruwa da tulu, ta zuba a randa. A kan sha da ƙoƙo ko da moɗa, a dama fura a ƙwarya, a ci tuwo a akushi. Matafiyi yana da gora da salka. Mai zuwa kasuwa yana da kwando, ko lefe, ko burgami. Goro a kan ɗaure shi da ganye a cikin huhu, daddawa ma da ganye a ke naɗe ta. In ƙwarya ta tsage, ba a kan yar ba, sai a kira gyartai ya ɗinke ta.

Dukan waɗannan kaya daga ƙasa suka fito, watau daga yumɓu, da duma, da kaba, da itace, da fata. In sun tsufa aka zubar a juji, sai gara da ruwan sama su cinye su, su koma taki. Manoman da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna kwasar jujin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu, domin sun san ƙarfin ƙasa yana cikinsa.

Amma kada mu yi wa zamanin dā ado fiye da kima. Tulu yana da nauyi tun ba a zuba masa ruwa ba, in ya faɗi kuma shi ke nan. Yarinya ta kan yi tafiya mai nisa da shi a kai, ta dawo da ruwan tafki wanda ya ke ɗauke da cuta. Ƙwari su kan gama da waken manomi kafin bazara. Wahalar nan gaskiya ce, waɗanda suka sha ta kuwa ba su manta ba.

2. DAGA INA ROBA TA FITO?

Akwai roba iri biyu. Ta farko ita ce danƙo, wanda a ke tatsa daga jikin itace. Ta biyu, wadda mu ke magana a kanta, a masana'anta a ke haɗa ta, yawanci daga ɗanyen man fetur da iskar gas.

Cikin shekara ta 1907 wani mutumin Beljiyam mai suna Leo Baekeland, wanda ya ke zaune a Amurka, ya haɗa roba ta farko wadda ba ta fito daga itace ko dabba ba. Cikin 1933 kuma, a garin Northwich na Ingila, waɗansu masana biyu, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna cikin gwaji sai suka tarar da wani farin abu mai kama da kakin zuma a cikin tukunyarsu ta ƙarfe. Ba shi suka fita nema ba. Wannan abu shi ne polietilin, irin robar da a ke yin leda da jarka da bokiti da ita. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta yi amfani da ita a ɓoye wajen naɗe wayoyin na'urar hangen jiragen sama. Bayan yaƙi ta shigo kasuwa. Ledar nan mai hannu biyu da mu ke zuba cefane a ciki, wani injiniya na ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya tsara ta, kamfaninsu kuma ya sami takardar mallakarta cikin 1965.

Ku dubi yadda abin ya haɓaka. Cikin 1950 robar da aka yi a duniya duka wajen tan miliyan 2 ce. Yanzu abin da a ke yi kowace shekara ya wuce tan miliyan 400. Watau cikin tsawon ran mutum ɗaya ta ninka fiye da sau 200.

Roba tana da hali uku, ku riƙe su da kyau, gama dukan darasin nan a kansu ya ke tsaye. Na ɗaya, tana da araha. Na biyu, ruwa ba ya ratsa ta, iska ma da ƙyar. Na uku, ba ta ruɓewa. Gara ba ta cin ta, tsatsa ba ta kama ta.

3. AMFANIN DA TA KAWO

Na farko, wajen ruwa. Jarka mai lita 25 ba ta da nauyin tulu, ba ta fashewa da sauƙi, tana da murfi kuma. Bututun rijiyar burtsatse na roba ne. Ku tuna da kurkunu, wanda ya kan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ta ke bukatarsa. Cutar tana shiga mutum ta wurin waɗansu ƙananan ƙwari da ke cikin ruwan tafki. Bayan kamar shekara guda tsutsar ta kan huda fata ta fito, tsawonta ya kan kai mita ɗaya. Cikin 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi suna fama da ita a duniya. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya cikin 1988 zuwa 1989 ta nuna mutum fiye da 650,000. Ɗaya daga cikin manyan makaman da aka yaƙe ta da su shi ne ɗan ƙyallen tace ruwa na nailan, nailan kuwa roba ce. Cibiyar Carter ta Amurka ta sa hannu cikin aikin, Janar Yakubu Gowon kuma ya zaga ƙauyuka dominsa. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya cikin 2008. Cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da ita, Ghana kuma cikin 2015.

Na biyu, a asibiti. Dā sirinjin allura na gilashi ne, a kan dafa shi a sāke yin aiki da shi. In mutane sun yi yawa, ba kullum a ke dafa shi yadda ya kamata ba. A ƙasar Masar, daga shekarun 1950 har zuwa farkon shekarun 1980, an yi wa mutane masu ɗimbin yawa allurar maganin tsargiya da irin wannan sirinji. Ta haka wani mugun ciwon hanta ya bazu a cikinsu, ƙasar ta yi shekaru tana fama da shi. Sirinjin roba wanda a ke yi wa mutum ɗaya allura da shi a yar, ya toshe wannan ƙofa. Jakar ƙarin jini, da bututun ƙarin ruwa, da safar hannun ungozoma ta zamani, duk 'yan gidan roba ne.

Na uku, gidan sauro. Zarensa na roba ne, an kuma sa masa magani. Wani bincike da aka buga cikin 2015 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro wajen sau miliyan 663 a Afirka, kashi 68 cikin ɗari na wannan kuwa saboda gidan sauro ne. Uwar da ta ga ɗanta ya tsallake damina lafiya ba za ta raina roba ba.

Na huɗu, ajiyar wake. Ƙwaron wake yana shiga tun daga gona, ya yi ta haihuwa cikin buhu har waken ya koma gari. Saboda tsoron wannan, manomi ya kan sayar da kaka da araha, ko kuwa ya zuba maganin ƙwari mai guba a cikin abinci. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya domin yawan maganin da aka samu a jikinsa. Amma masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, sun fito da wata dabara. Leda biyu masu kauri a ke sa wa a cikin buhu, a zuba wake, a matse iska, a ɗaure kowace ɗaya dabam. Ƙwarin su kan shanye 'yar iskar da ta rage, sa'an nan su daina ci, su mutu. Tun daga 2007 aka soma yaɗa buhunan nan da sunan PICS a Nijar da Nijeriya da maƙwabtansu. Ba a sa magani ko kaɗan.

4. ILLAR DA TA KAWO

Yanzu sai mu juya ƙwaryar. Hali ukun nan da suka sa roba ta zama abin amfani, su ne kuma suka sa ta zama masifa. Domin tana da araha, mai tumatir yana ba da ita kyauta, mu ma muna yar da ita ba tare da tunani ba. Domin ruwa ba ya ratsa ta, tana toshe hanyar ruwa. Domin ba ta ruɓewa, inda aka yar da ita nan za ta zauna. Rana ta kan farfasa ta ƙanana ƙanana, amma ɓarɓashin yana nan cikin ƙasa da ruwa. Masana sun lissafta cikin 2017 cewa daga dukan robar da aka zubar tun farko har zuwa 2015, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka narkar aka sāke yin wani abu da shi. An ƙone kashi 12. Sauran kashi 79 suna jibge a juji, ko suna yawo cikin gonaki da koguna da teku.

Ga dabbobi. Akuya da tunkiya da saniya suna kiwo a juji, su kan haɗiye leda domin ƙanshin abinci ko gishirin da ke jikinta. Tumbinsu ba ya iya narkar da ita, sai ta dunƙule ta cika wurin da abinci zai zauna. Dabbar ta kan yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure, nono ya ragu, daga baya ta mutu. Ku tambayi mahauta abin da su ke tararwa in sun farka tumbi. Akuyar nan kuwa sau da yawa ita ce asusun gwauruwa, ita ce kuɗin makarantar yaro.

Ga ambaliya. Ledar ruwa da robar lemo su kan taru a lambatu duk rani. Ruwan farko ya tura su bakin kwalbati, su toshe shi, ruwa ya koma cikin gidaje, ginin ƙasa ya jiƙe ya faɗi. Ran 3 ga Yuni, 2015, an yi ruwa mai yawa a birnin Akara na Ghana. Magudanan ruwa suna cike da shara, ruwa ya mamaye tituna. Mutane suka fake a wani gidan mai, fetur ya malala a kan ruwan, wuta ta kama. Mutum wajen 150 suka hallaka a daren nan. Ko inda abin bai kai haka ba, ruwan da ya kwanta a lambatu da cikin fasassun robobi shi ne gidan haihuwar sauro. Ku lura da wannan: robar da ta kāre yaro daga sauro da dare, 'yar'uwarta ce ta ke kiwon sauro a bayan gida.

Ga gona. Takin juji da manoma su ke saye yanzu cike ya ke da leda. Ta kan naɗe a bakin garma, ta tare saiwar shuka, ta hana ruwa shiga ƙasa sosai. Abin da aka zuba bana, jikan mai gonar zai tono shi.

Ga hayaƙi. Mata da yawa suna hura wuta da leda domin tana saurin kamawa, a kan kuma cinna wa juji wuta da maraice. Hayaƙin roba yana da guba, yana ɓata huhu, ya fi tsanani ga jarirai da tsofaffi da masu ciwon asma. Irin robar da a ke yin bututu da fatar wayar lantarki da ita ta fi muni in aka ƙone ta. Haka kuma zafi yana sa abubuwan da aka haɗa roba da su su riƙa fita, domin haka dafa alala cikin leda, ko zuba koko mai tururi a cikinta, ba dabara ba ce.

Ga sana'a. Ina gyartai a yau? Magina tukwane, da masassaƙan akushi, da masu saƙar kwando da faifai, kasuwarsu ta ja baya. Kuɗin da dā ya ke zagawa tsakanin maƙwabta yanzu yana tafiya masana'antar birni ko ƙasar waje. In tsohuwa mai ginin randa ta mutu ba ta koya wa kowa ba, sanin nan ya tafi tare da ita.

5. ABIN DA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Bangaladash ce ta fara hana siririyar leda a ƙasa duka, cikin 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanai a manyan ambaliyar 1988 da 1998. Ruwanda ta hana cikin 2008. Har a filin jirgin sama a kan karɓe leda daga hannun baƙi. A can kuma Asabar ta ƙarshe a kowane wata mutane su kan fito aikin gayya, shara tana cikin abin da su ke yi, shi ya sa birnin Kigali ya yi suna wajen tsabta. Kenya ta bi cikin 2017 da doka mai tsanani, wadda horonta ya kan kai ɗaurin shekara 4. Nijar ta kafa dokar hana leda cikin 2014, amma leda ba ta ɓace daga kasuwanninta ba. Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso cikin Janairu, 2024.

Abin da mu ke koya a nan shi ne, doka ta kan ci nasara inda hukuma ta tsaya a kanta, inda aka ba mutane abin da za su riƙe a maimakon leda, inda kuma jama'a da kansu suka yarda. Mai sayen ruwan leda ba don sha'awa ya ke saye ba. Famfo ne babu ruwa. Muddin ba a kawo ruwa mai tsabta ba, hana ledar ruwa zai tura talaka ga ruwan da zai sa masa amai da gudawa.

6. MA'AUNIN KAYAN ZAMANI

Daga abin da muka gani za mu iya fitar da tambaya uku da za mu yi wa kowane sabon abu.

Ta ɗaya: wace wahala ya ɗauke mini? Gidan sauro ya ɗauke zazzaɓi. Sirinji ya ɗauke cuta. Ledar da aka sa albasa biyu a ciki kuwa, abin da ta ɗauke shi ne wahalar tunawa da kwando.

Ta biyu: kwana nawa zai yi mini aiki, kwana nawa kuma zai zauna bayan na gama da shi? Bokiti ya kan yi shekaru yana hidima. Ledar ruwa minti biyu ce a baki, sa'an nan ta yi shekaru masu yawa a ƙasa.

Ta uku: wa ya ci amfanin, wa kuma zai biya? Wannan ita ce mafi nauyi. Ni na sha ruwa na yar da leda, amma akuyar maƙwabcina ce ta haɗiye ta. Ni na share ƙofar gidana na tura sharar cikin lambatu, amma ɗakin wanda ke gangare ne ya rushe. Yawancin illar kayan zamani haka ta ke: daɗin yana zuwa yau ga mai saye, wahalar tana zuwa daga baya ga wani dabam, wanda sau da yawa ya fi shi talauci. Mutumin kirki ba ya cin daɗi a kan asarar maƙwabcinsa, ko da maƙwabcin bai san wanda ya cuce shi ba.

7. ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba mu ce a koma ga tulu da salka ba. Wanda ya ƙi gidan sauro don wai kayan zamani ne, ya yi wauta. Amma ga abin da ke cikin ikon kowane gida.

Ku tafi kasuwa da kwando ko jakar ƙyalle. In za a sayo koko, ko kunu, ko ɗanwake, a ba yaro kwano mai murfi. A dafa alala cikin gwangwani ko ganye kamar dā. Kada a hura wuta da leda. Kara da ƙirare sun isa. A raba shara biyu, mai ruɓewa ta tafi ramin taki, roba kuma a tara ta cikin buhu dabam. Fasassun bokitai da kujeru da robobin lemo, 'yan jari bola suna sayen waɗansu, a nemi inda su ke. Masu dabbobi su ɗaure su ko su kewaye juji. Sirinjin da aka yi aiki da shi kada a bar shi inda yara za su ɗauka. A wurin biki da babban taro, inda a ke raba ruwan leda da abinci, a sa matasa biyu ko uku su riƙe buhu tun daga farko. Kafin ruwan farko ya sauka, mutanen unguwa su yi gayya su yashe lambatu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Randa kuma a ci gaba da sayenta. Tana sanyaya ruwa ba da lantarki ba, kuɗin kuma yana shiga hannun maƙwabciya.

Iyaye, yara suna kallonku. Yaron da ya ga ubansa ya jefa leda ta tagar mota, haka zai yi har ya tsufa. Wanda ya ga uwarsa ta naɗe leda ta ajiye don gobe, shi ma zai koya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Faɗi hali uku na roba. Nuna yadda kowane ɗaya ya ke kawo amfani, ya ke kuma kawo illa.
2. Ta yaya ƙyallen nailan ya taimaka wajen kawar da kurkunu?
3. Me ya sa ƙwari su ke mutuwa a cikin buhun nan mai leda biyu?
4. Ƙidaya ledar da ta shigo gidanku cikin mako ɗaya. Guda nawa ne da an iya zama ba tare da su ba?
5. A garinku, ina sharar ta ke zuwa bayan ta bar ƙofar gida? Su wa ke zaune kusa da wurin?
6. Ɗauki wani abin zamani, kamar waya, ko babur, ko maganin feshi, ka yi masa tambayoyin nan uku na kashi na 6.
7. Wane abu ɗaya ne ajinku zai yi tare kafin damina mai zuwa? Ku sa rana, ku kuma zaɓi wanda zai tuna muku.